Sunaye Uku a Jikin Barrada

Sana'ata gyaran barrada. Haka muke kiran injin sanyaya ruwan nan da ake kafewa a bakin titi da ƙofar masallatai a Madina, mai famfo uku ko huɗu da kofi ɗaure da sarƙa. Warshata, wato shagon aikina, tana bayan titin Sultana, tsakanin mai facin taya da wani ɗan Bangaladash mai wanki da guga. Sunana Bakri. Bahaushen Rusairis ne ni, can yankin Damazin a Sudan, shekarata goma sha ɗaya a garin nan.

Ban da gyara, ina tona suna a farantin ƙarfe. A Madina ba a rubuta suna a kabari. In aka kai mutum maƙabartar Baƙi'a, dutse ɗaya za a ajiye a kansa, bayan wata biyu ko ɗan da ya haifa sai ya tsaya yana 'yan dube-dube. To ɗan Adam kuwa ba ya iya haƙura da suna. Sai ya sayi barrada, ya sa a liƙa mata faranti, wanda muke ce wa lauha: sadaka ga marigayi wane ɗan wane, wanda ya sha ya yi masa addu'a. Ni ke tona haruffan da ɗan injina mai baki kamar allura. Sunayen matattun da na rubuta sun fi dubu, ban taɓa tambayar abin da ya kashe ko ɗaya ba. Ba ruwana, kuma ni dama ba ni da haƙurin sauraron mutane.

Ranar wata Talata bayan la'asar, cikin zafin Yuni da ke sa kwalta ta yi laushi, Alhaji Ƙasimu ya shigo yana dogara sanda. Na san shi sama-sama a wuraren suna da jana'iza. Bahaushen Cadi ne da ya zo aikin hajji tun kafin a haife ni, ya zauna, ya yi shekara arba'in yana ɗinka jallabiya, ya samu takardun ƙasa, 'ya'yansa duk 'yan Saudiyya ne. Tsoho ne mai tsafta, irin wanda in ya shigo warsha sai ka ji kunyar maiƙon hannunka.

"Bakri, barrada nake so, mai famfo uku, da lauha."

"Marhaba, Baba Alhaji. Sunan wa za a sa? Na Hajiya?" Don na ji matarsa ta rasu bara.

Ya zaro wata takarda daga aljihu, an ninke ta har ta kusa rabewa. Sunaye uku ne da rubutun Larabci. Rahmin bin Shalom Haddad. Zula, matarsa. Hawatu, ɗansu. A ƙarƙashi an rubuta: an kashe su a Tarabulus, Yuni 1967.

Na karanta sau biyu. "Baba, waɗannan ai ba sunayenmu ba ne."

"Yahudawa ne."

Na yi dariya, don na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. "A Madina? So kake a rufe mini warsha? Kuma wane malami ya ce maka ana yi wa wanda ba Musulmi ba sadaka bayan ya mutu?"

"Ban ce ka rubuta addu'a ba. Ban ce ka sa marigayi ba. Ruwan sadakata ce, tsakanina da Ubangijina. Suna kawai nake so ya tsaya a wani wuri, don in na mutu ba sauran mai faɗinsa a duniya."

"Je ka wurin wani."

"Na je wurin mutum uku. Larabawa ne, na kasa gaya musu dalili. Abin nan da Hausa kaɗai yake fita."

Bai jira na ba shi wuri ba, ya zauna a kan tulun gas ya jingina sandarsa. Na ci gaba da kwance wani kwamfiresa don ya gane ba ni da lokaci. Bai gane ba, ko ya ƙi ganewa.

"Ina ɗan shekara goma sha takwas na bar Fort Lami, babban birnin Cadi, na bi motocin sahara zuwa Libiya," in ji shi. "Dako nake yi a tashar jirgin ruwa ta Tarabulus. Ɗakin da na samu a jikin gidan Rahmin yake, a Hara, tsohuwar unguwar Yahudawa. Ƙofata tana kallon lungu. Tasu daban take, ta katako mai kauri, da sakata biyu. Shi maƙerin gwangwani ne, yana yin butoci da fitilu. Su a addininsu ba sa taɓa wuta ranar Asabar, to ni ne mai wutarsu. Kowace Asabar da hantsi zan ƙwanƙwasa sau uku, in shiga in kunna risho a ɗumama abinci, Zula ta zuba mini nawa a kwano. Shekara biyar ina cin abincin matar nan, Bakri. Da ciwon haƙarƙari ya kayar da ni, Rahmin ne ya goya ni a bayansa har asibiti."

Na ce Allah Ya saka masa, na ci gaba da aikina.

"Sai yaƙi ya tashi tsakanin Larabawa da Isra'ila, ranar wata Litinin. Ba a Tarabulus ake yaƙin ba, amma rediyo ya kawo shi har ƙofar gida. Kafin azahar gari ya kama da wuta. Na ga an fasa kantuna an watsa musu fetur. Na ga an jawo wani dattijo daga cikin mota aka yi ta jifansa da duwatsu har ya daina kare kansa da hannu, ba su tsaya ba. Su Rahmin suka kulle gida. Ni nake kai musu burodi da safe, in ɓoye shi a cikin riga. Ranar Alhamis aka kama ni da shi a bakin lungu."

Nan na ajiye sifana.

"Sun kai su ashirin, da rodi da gatari da galan. Babbansu wani mahauci ne, masallaci ɗaya muke sallah da shi. Ya yage mini riga, burodi ya zube. Ya ce wa kake ciyarwa, bawa? Wani ya kai mini rodi a baki." Ya ɗaga leɓensa da yatsa ya nuna mini giɓin. "Suka kayar da ni suka yi ta tattaka ni. Mahaucin ya durƙusa a ƙirjina ya ɗora mini wuƙa a maƙogwaro, irin riƙon da yake yi wa rago. Ya ce in yi shahada. Na yi, jini na fita da kalmomin. Ya ce in da gaske ni nasu ne, in sa a buɗe ƙofar. Sun gwada ta da gatari tun jiya ta ƙi."

"Sai ka ƙi," na ce. Ni kaina na ji yadda muryata ta fita, kamar ina roƙonsa.

"Na ƙwanƙwasa sau uku. Aka buɗe."

Ya faɗi sauran yana kallon ƙasa, muryarsa ba ta rawa, kamar mai karanta awon jallabiya. Rahmin yana tsakar gida da gudumarsa ta ƙira, kafin ya ɗaga ta an karya masa hannu. Hawatu, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya ruga saman bene, mutum uku suka bi shi suka jefo shi tsakar gida ta ka. Zula ta faɗa kan ɗanta ta rufe shi da jikinta, a nan aka yi ta sukarta ta baya har ta daina kira. Shi kuma Rahmin suka durƙusar da shi, mahaucin ya miƙa wa Ƙasimu rodi.

"Ya ɗago ya kalle ni. Bai roƙe ni ba. Ya ce, Ƙasimu, kamar yadda yake kirana in zo in ci abinci. Na buga masa a nan." Ya taɓa gefen kansa. "Bai mutu ba, yana ta shure-shure. Na ƙara. Sai suka tuntsurar da rishon da nake kunnawa suka cinna wa gidan wuta da kananzirinsa."

Ni ban san lokacin da na tashi ba.

Dole in faɗi abin da ke cikina a lokacin, ba don in wanke kaina ba. A watan Yulin bara aka far wa Hausawa a Rusairis. Yayana Usmanu yana da gida a bakin kogi, da matarsa Halimatu. Maharan daga nesa suka zo, ba su san gidan kowa ba. Maƙwabcinsa, wanda suke ban ruwa da inji ɗaya shekara tara, shi ya bi su yana nuna ƙofofi da sanda. An sare Usmanu a soro, an ƙone Halimatu a ɗaki. A waya na ga gawarsa, wani ya ɗauka ya watsa, ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Wata goma sha ɗaya ina kwana ina tashi da fuskar maƙwabcin nan, ina shirya abin da zan yi masa in Allah Ya haɗa mu. Sai ga irinsa ya kawo kansa har warshata, da farar jallabiya da ƙamshin turare.

Na shaƙi wuyan rigarsa na ɗaga shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ka ɗauki buhun ƙaiƙayi. Na maka shi da kantar ƙarfe, kayan gyara suka zubo a kanmu. Na ce masa la'ananne, na ce masa munafuki, na ce shekara hamsin kana sahun gaba a Masallacin Annabi da jinin mai gidanka a hannu. Na sake maka shi. Goshinsa ya samu bakin kantar ya fashe, jini ya bi gemunsa ya sauka a jallabiyar. Bai ɗaga hannu ya kare kansa ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

"Ƙara," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa dukana a kan abin nan."

Sai na sake shi. Na ja shi zuwa ƙofa, na tsayar da tasi, na jefa masa sandarsa a ciki na ce a kai shi unguwarsu, Aziziya. Da na dawo na tarar ya bar takardar a kan tulun gas.

Washegari da hantsi ɗansa Haisam ya zo. Ƙato ne, ya haura arba'in, yana aiki a wani kamfanin jigilar alhazai. Irin 'ya'yanmu ne da aka haifa a nan, suna jin Hausa sarai amma in sun buɗe baki Larabci ke fita. Bai yi sallama ba. Ya ɗauki babbar sifana daga kan benci ya kawo mini duka. Na tare da hannun hagu, na ji yatsu biyu sun yi ƙas. Na sunkuya na kai masa karo a ciki, muka faɗa kan barradun da ke jiran gyara, ɗaya ta kife, ruwan da ke cikinta ya malale. Ya hau kaina yana naushina a fuska yana cewa abuya, abuya, wato babana, tsoho ɗan shekara tamanin. Na samu kunnensa na ciza har na ji gishirin jini. Da mai facin taya da ɗan Bangaladash ba su shigo sun ɓamɓare mu ba, da ɗayanmu ya kwana a Baƙi'a.

Suna riƙe da shi yana haki, sai idonsa ya faɗa kan takardar. Ya san ta. A nan ne ya juya zuwa Hausa, wata karyayyiyar Hausa, don kada maƙwabtana su ji.

"Abuya ya ruɗe. Ba a yi wannan abu ba. Khalas, ka ji? Muna da 'yan mata ba su yi aure ba, muna da suna a Aziziya. Ka rubuta wannan, wallahi in kai ka shurɗa, in ce ka fasa kan ɗan ƙasa. Kai iƙama gare ka. Sai tarhil."

Ya yayyaga takardar ya watsa a cikin ruwan da ya malale, ya fita yana dafe da kunne.

Ba barazanar banza ba ce. Baƙo mai takardar zama ya fasa kan tsoho ɗan ƙasa, ba alƙalin da zai tsaya jin labarin Tarabulus. Shurɗa 'yan sanda ne, iƙama takardar zama, tarhil kuwa shi ne gidan da ake tara waɗanda za a kora. Kuma a kore ni zuwa ina? Tun watan Afrilu Sudan take cin wuta, iyalina suna gudun hijira, abin da nake aikawa daga warshar nan shi suke ci. Duk mai hankali zai share ruwan nan da tarkacen takardar ya manta. Na je aka ɗaure mini yatsu, na dawo na share.

Sai dai ni aikina kenan, in na karanta suna sau biyu ya zauna. Ina kwance kwamfiresa ina jin Rahmin, Zula, Hawatu. Na yi kwana uku ina zagin tsohon a zuciyata, na huɗu sai na kama kaina ina wani tunani da ban so ba. Maƙwabcin Usmanu yanzu bai fi shekara arba'in ba. In Allah Ya ba shi tamanin, zai ninke sunan yayana a aljihu ya riƙa yawo da shi warsha-warsha? Na san ba zai yi ba. Zai ce shi bai ga komai ba, 'ya'yansa su ce ba a yi ba. Kuma in aka ce ba a yi ba har tsawon shekara hamsin, shi ke nan ba a yi ba. Ban yafe wa Alhaji Ƙasimu ba, ba ni ma da hurumin yafe masa. Amma su mutanen nan uku ba su yi mini komai ba.

Na yanko faranti mai kyau, na bakin ƙarfe wanda ba ya tsatsa. Da hannu ɗaya da rabi na yi aikin, injin yana girgiza mini karyayyun yatsu har hawaye na zubo mini. Abin da nake gamawa a awa ɗaya ya ci mini yini biyu. Ba addu'a, ba marigayi, suna uku da gari da shekara.

Ina cikin goge haruffan ne wani abu ya tsaya mini a rai. Na san yadda mutum yake in yana bayan ƙofa ana farautarsa. Matata ta gaya mini yadda suka yi kwana biyu a ɗaki a Rusairis, ko tari ba mai yi, ko uwarka ce ta yi sallama sai ka leƙa ta kafar ƙofa. Mutum ashirin da rodi ba sa tsayawa a lungu shiru. An doki Ƙasimu a bakin lungun nan yana ihu. Magidancin da ya ji an sari ƙofarsa da gatari jiya ba zai zare sakata biyu don an ƙwanƙwasa sau uku ba. Tsohon ya ce aka buɗe. Bai ce wa ya buɗe ba.

Na naɗe farantin a tawul na tafi Aziziya da hantsi, lokacin da na san Haisam yana wurin aiki. 'Yar tsohon, Khalida, ta buɗe mini, ta kalli kumburarriyar fuskata ta kalli tawul ɗin, ta koma ciki ta bar mini ƙofar a buɗe. Tsohon yana zaune a kan darduma a falo, an manna masa filasta a goshi. Na ajiye farantin a cinyarsa. Ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗana."

"Riƙe albarkarka tukuna, Baba. Wa ya zare sakatar?"

Yatsan ya tsaya.

"Rahmin ba zai buɗe ba," na ce. "Zula ba za ta buɗe ba. Yaro ɗan goma sha huɗu ma ya san abin da ke waje. Ka ce mini abin nan da Hausa yake fita. To bai gama fita ba."

Ya ɗauke yatsan daga kan farantin. Da ya buɗe baki, muryar nan mai karanta awo ta tafi, wata ce daban.

"Akwai yarinya. Shekararta biyar. Watan da na shiga gidan aka haife ta, ranar Asabar, ina cikin kunna risho na ji kukanta. Na ce ai wannan Asabe ce. Suka yi dariya, suka tambayi ma'anarsa, sunan ya bi ta. Har uwarta takan kira ta da shi. A kafaɗata ta girma. Na ƙwanƙwasa sau uku, Rahmin ya ƙi buɗewa, na ji shi yana cewa kowa ya yi shiru. Mahaucin ya danna mini wuƙar a baya. Sai na sa baki a jikin ƙofar na ce, Asabe, ni ne, na kawo miki alewa, buɗe mini. Na san tana iya kaiwa sakatar ƙasa. Na san ta sama ta lalace tun saran jiya, ni na gaya wa Rahmin ya gyara."

"Sai me?"

"Da suka shiga, ni ta rugo wa. Ta rungume ƙafata ta ɓoye fuskarta a wandona. Tana nan manne da ni lokacin da na bugi ubanta. Da wuta ta kama kowa ya yi waje, na ja ƙafata ta ƙi saki. In na fita da ita a hannu, sun ga ɗiyar Bayahude a hannuna. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Na tura ta ciki. Wani ya ja ƙofar."

Na so in sake dukansa, wallahi na so, amma ba abin da ya rage a jikinsa da duka zai samu.

"Me ya sa ba ta cikin takardar?"

"Na manta sunanta." Ya fashe da kuka irin na yara, baki buɗe, giɓin nan a waje. "Sunanta na gaskiya, wanda ubanta ya raɗa mata. Na san shi, na sha jin sa. Tun ranar ya fita daga kaina. Na yi ɗawafi ina nemansa. Shekara hamsin da shida, Bakri. Na kasa rubuta ta, na kasa barin ta." Ya kama hannuna mai ɗauri bai ma lura ba. "Akwai wuri a ƙasan Hawatu. Sa Asabe. Ko ba komai wani ya karanta."

Na zare hannuna.

"A'a."

"Don Allah, ɗana."

"Da sunan nan ka kira ta ta buɗe. Ba zan tona shi a ƙarfe ya zauna a kanta har abada ba. Kuma duk Bahaushen da ya zo shan ruwa zai ɗauka wata 'yar'uwarsa ce ta rasu a gadonta. Ka kawo mini wanda ubanta ya sa mata, in rubuta ko da yatsun nan sun guntule. Wanda ka sa mata kuwa, riƙe abinka."

Na ɗauke farantin daga cinyarsa na fita. Khalida tana tsaye a bayan labule, hannunta a kan baki. Ta ji komai, kuma Hausarta ta fi ta ɗan'uwanta.

A ƙasan sunan Hawatu na tona kalma biyu, da ƙanwarsa, na bar sauran layin fili. Na ɗaura farantin a jikin barrada mai famfo uku na kafa ta a ƙofar warshata, tunda ba masallacin da zan kai wa. Mutane suna sha suna wucewa. Yawancinsu ba sa karantawa, waɗanda suka karanta suna ɗauka wasu mutanen Libiya ne. Wani ɗan Masar ya tsaya ya karanta sau biyu, ya tofar da ruwan ya zage ni, na rama. Haisam ya cika alkawarinsa ya kai ƙara, an kira ni sau ɗaya, an ce in koma bayan Idi. Tsohon ya gaya musu faɗuwa ya yi da kansa. Ban san wanda za su yarda da shi ba, na dai haɗa jakata na ajiye a bayan kanta.

Tsohon kuwa kullum bayan la'asar sai tasi ta sauke shi. Ba ya shiga warsha, ni ma ba na yi masa tayi. Yana zama a kan tulun gas kusa da barradar, yana kallon filin nan na ƙasan faranti, yana gwada sunaye a bakinsa. Wani lokaci ya ɗago da sauri ya kira ni, in fito da injin a hannu.

Jiya ya ce, "Rahel. Ina jin Rahel ne."

"Ka tabbata, Baba?"

Ya sake faɗinsa a hankali, sau biyu, yana saurare. Sai ya sunkuyar da kai. Na koma ciki na ci gaba da aikina.